Tsakanin awo da lamba: ƴar ƙwayar da ke cikin na'urorinmu, da dalilin da ya sa take bukatar tsaro

Mitar wutar NIGELEC da ke jikin bangon gida, da sikelin lantarki na mai sayen wake, da ma'aunin zafin firijin allurar rigakafi, da salular da ke cikin aljihu, duk suna da abu guda da ya haɗa su. A cikin kowannensu akwai wata ƴar ƙwayar lantarki da aikinta shi ne ta karɓi abin da aka auna, zafi ne ko nauyi ko murya, ta mayar da shi lamba. Da wannan lamba ake biyan kuɗi, da ita ake buɗe famfon ban ruwa, da ita malamin asibiti ke yanke shawarar a yi amfani da allura ko a zubar da ita.

Shekaru da dama masu tsaron na'urori sun fi mayar da hankali ga kulle bayanai bayan sun zama lamba. Binciken da aka yi a jami'o'in Amurka da Sin da Ingila daga 2013 zuwa yau ya nuna cewa akwai ƙofa tun kafin nan. Ana iya satar awo a daidai lokacin da ake juya shi, ana kuma iya ruɗar ƙwayar ta rubuta lambar ƙarya. Yayin da irin waɗannan na'urori ke ƙara shiga gidaje da gonaki da asibitocin gundumar Madarunfa, ya kamata mai amfani da su ya san yadda abin yake.

Wane ne wannan tafinta?

Abubuwan duniya ba da lamba suke zuwa ba. Zafin rana yana hawa sannu a hankali daga safe zuwa azahar, babu inda ya tsaya ya yi tsalle. Ruwan tafkin Madarunfa yana ƙaruwa da damina yana raguwa da rani ba tare da matakala ba. Ita kuwa kwamfuta ba ta san komai ba sai lambobi biyu, 0 da 1. Saboda haka dole a sami mai shiga tsakani.

Aikin yana da mataki biyu. Da farko akwai bakin ma'auni, wanda masu gyara ke kira kaptar. Shi ne ke jin zafi ko nauyi ko danshin ƙasa, ya mayar da shi ɗan ƙarfin lantarki mai hawa da sauka. Daga nan sai ƙwayar da ake magana a kanta ta karɓi wannan ƙarfi ta faɗi lambar da ta yi daidai da shi. A Faransanci injiniyoyi suna taƙaita sunanta da CAN, amma ba ta da alaƙa da gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka. A Turanci ADC ake ce mata. A Hausa ana iya kiran ta tafintan awo, domin aikinta ke nan: ta ji da yaren duniya, ta faɗa da yaren kwamfuta.

Ana sanin ƙarfin tafinta da abu biyu. Na farko shi ne yawan matakalar da yake iya rarrabewa. Mai bit 8 yana raba awo gida 256, mai bit 12 gida 4,096, mai bit 16 kuwa gida 65,536. Na biyu shi ne sau nawa yake ɗaukar awo a daƙiƙa guda. Tsohon tsarin wayar tarho yana ɗaukar murya sau 8,000 a daƙiƙa, faifan CD na waƙa sau 44,100. Ma'aunin zafin firiji ba ya bukatar wannan gaggawa, awo ɗaya a cikin ƴan mintoci ya ishe shi.

A nan akwai abin lura. Idan tafinta mai bit 12 yana aiki tsakanin sifili da volt 3.3, kamar yadda ƙananan na'urori da yawa suke yi, to kowace matakala ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na volt ɗaya ba. Wannan ƙanƙanta ita ce ke ba shi kaifin awo. Ita ce kuma rauninsa, domin ɗan motsin lantarkin da mutum ba zai taɓa ji a jikinsa ba ya isa ya canza lambar.

Yadda yake yin awo

Tafintan da aka fi sa wa a ƙananan na'urori masu aiki da batir yana bin hanyar da duk mai sikelin duwatsu ya sani. A ɗauka mai awo yana da duwatsu takwas: na giram 128, da 64, da 32, da 16, da 8, da 4, da 2, da 1. Aka kawo masa kayan da nauyinsu giram 150 ne, shi bai sani ba.

Zai fara da babban dutse, 128. Kaya sun fi shi nauyi, sai ya bar shi a kan sikeli. Ya ƙara 64, jimla ta zama 192, ta wuce, sai ya sauke shi. Ya gwada 32, jimla 160, ta wuce, ya sauke. Ya gwada 16, jimla 144, ba ta kai ba, ya bar shi. Ya gwada 8, jimla 152, ya sauke. Ya gwada 4, jimla 148, ya bari. Ya gwada 2, jimla 150, ya bari. Ya gwada 1, ta wuce, ya sauke. Idan aka rubuta 1 ga kowane dutsen da ya zauna, aka rubuta 0 ga wanda aka sauke, za a sami 10010110. Wannan ita ce 150 a yaren kwamfuta, kuma gwaji takwas kacal aka yi.

A cikin ƙwayar babu duwatsu. A madadinsu akwai wasu ƴan mitsi-mitsin ma'ajiyar caji, kamar tuluna manya da ƙanana, kowane ya ninka na ƙasa da shi. Cika babban tulu yana jan wuta fiye da cika ƙarami, kuma abin da ake ja a kowane mataki ya danganta da hukuncin da aka yanke a matakin da ya gabata. Daga wannan wuri matsalar farko take tasowa.

Ina ake samun sa a Madarunfa?

Garin Madarunfa yana da nisan kilomita 20 da ɗoriya kudu da Maradi, kuma gundumar ta ƙunshi Ɗan Isa da Gabi da Safo da Sarkin Yamma da Jiratawa. Yanki ne na noma da kiwo da su da fatauci da Najeriya, kuma kowace sana'a a cikinsu ta dogara da awo.

A Jiratawa, filin noman rani da hukumar ONAHA ke kula da shi tun farkon shekarun 1980 yana shan ruwa ne daga rijiyoyin burtsatse masu famfon lantarki. Kuɗin wutar da manoman zogale da albasa ke haɗawa su biya yana fitowa ne daga abin da mita ta ƙidaya. Mitar zamani ba ta da faifai mai juyawa irin na da. Tana ɗaukar awon ƙarfin wuta da yawan wadda ke wucewa sau dubbai a daƙiƙa, ta hannun tafinta, sannan ta lissafa kilowat. Mitar da ake sa wa kati ita ma haka take aiki, sai dai tana rage kuɗin da aka zuba har ya ƙare ta yanke wuta.

A fannin ban ruwa, ɗan Nijar Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro tsarin da manomi zai kunna famfon gonarsa ko ya kashe shi ta wayar salula daga nesa, tsarin kuma yana tattara awon yanayi kamar zafi da danshi. Wannan aiki ya kawo masa babbar lambar yabo ta Sarki Hassan na Biyu kan sha'anin ruwa a 2015. A Yamai kuma, tun 2016 kamfanin CityTaps ya fara gwajin mitar ruwa mai aika bayanai ta iska tare da kamfanin SEEN, mai gida yana biya ta waya kafin ya sha. Kamfanin NDE ne ya gaji SEEN a farkon 2024. Waɗannan misalai suna nuna inda aka dosa: na'urar da ke aunawa, ta aika, a yanke hukunci ba tare da wani ya je ya gani da idonsa ba.

A asibitin gundumar Madarunfa, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana tallafa wa sashen yara, da kuma cibiyoyin lafiya na CSI a ƙauyuka, awo yana iya zama tsakanin rai da mutuwa. Abin da ake maƙala wa yatsan yaro don sanin yawan iskar oksijin a jininsa, da na'urar gwajin sukari, duk da tafinta suke aiki. Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8. Idan zafi ya yi yawa wasu su lalace, idan suka daskare wasu kamar ta fenta da ta tetanus su rasa ƙarfinsu, kuma ido ba ya iya gane hakan kai tsaye. Ƴar na'urar da ke rubuta zafin firiji dare da rana ita ce shaida.

A kasuwa kuwa akwai sikelin lantarki na masu sayen wake da aya da riɗi, akwai famfon gidan mai da ke ƙidaya lita, akwai na'urar ɗaukar zanen yatsa irin wadda hukumar zaɓe ta CENI ta yi amfani da ita wajen rajistar masu zaɓen 2020.

Ƙofa ta farko: sauraro ta bayan katanga

A koma ga mai sikelin duwatsu. A ce yana awo a cikin ɗaki a rufe, wani kuma yana tsaye a bayan katanga. Ba ya ganin sikelin, amma yana jin ƙarar kowane dutse idan aka ɗora shi ko aka sauke. Tun da ya san cewa kullum da babba ake farawa a bi su a jere, kunnensa kaɗai ya isa ya gaya masa nauyin kayan.

Haka ake yi wa tafinta. Mai leƙen asiri yana auna yadda ƙwayar ke jan wuta daga batir a kowane mataki, ko kuma ya kawo wata ƴar eriya kusa da ita ya kama iskar maganaɗisun da ke fita daga jikinta. Wannan hanya ta biyu ba ta bukatar a yanke waya ko a fasa ƙwayar. Masana suna kiran irin wannan hari satar bayanai ta ƙofar gefe.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1985 wani injiniya ɗan Holan, Wim van Eck, ya nuna cewa ana iya karanta abin da ke kan allon kwamfuta daga nesa ta hanyar kama iskar da allon ke fitarwa. A 1999 Paul Kocher da abokan aikinsa biyu a Amurka suka wallafa hanyar gano makullin sirrin da ke cikin katin banki mai ƙwaya ta hanyar nazarin wutar da katin ke ja. Tun daga lokacin masu ƙera katunan banki da na waya suka shiga kare ɓangaren da ke kulle bayanai. An bar tafinta a baya, domin ana ganin shi ɗan aike ne kawai.

Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka, a ƙarƙashin farfesa Anantha Chandrakasan da farfesa Hae-Seung Lee, sun nuna cewa ɗan aiken ma yana da baki. Sun koya wa manhajar kwamfuta mai koyo ta gane alaƙar da ke tsakanin yadda tafinta ke jan wuta da lambar da yake fitarwa, kuma manhajar ta iya sake gina awon daga wannan sawu kaɗai. Idan tafintan yana cikin makirufo, murya aka sata. Idan yana cikin na'urar bugun zuciya, sirrin lafiyar mutum aka sata. Idan yana cikin mai ɗaukar zanen yatsa, an saci abin da mai shi ba zai taɓa iya canzawa ba, domin ana sake lambar sirri amma ba a sake yatsa.

Ƙofa ta biyu: ruɗar ma'auni

Hari na biyu kishiyar na farko ne. A nan ba sauraro ake ba, ƙarya ake cusa wa tafinta. Kowace wayar da ta tashi daga bakin ma'auni zuwa ƙwayar tana iya zama eriya. Duk wanda ya taɓa ajiye salula kusa da rediyo ko lasifikar masallaci ya ji wannan ƙara da ke fitowa kafin kira ya shigo. Wannan iskar salula ce ta shiga wayar da ba don ita aka yi ta ba. Mai mugun nufi yana yin haka da gangan, da ƙarfi da kuma zangon da ya zaɓa.

A 2013 Denis Foo Kune da Kevin Fu da wasu abokan aikinsu suka nuna cewa ana iya cusa bugun ƙarya cikin na'urar da ake dasa wa masu ciwon zuciya. Sun kuma gano cewa idan na'urar tana cikin abin da ya yi kama da jikin mutum, dole mai harin ya matso zuwa santimita kaɗan, abin da ya rage hatsarin sosai. A 2017 ƙungiyar Kevin Fu a jami'ar Michigan ta gwada nau'i 20 na ma'aunin motsi daga kamfanoni biyar, irin wanda ke juya hoton salula idan an karkata ta. Da sautin lasifika kawai suka ruɗi mafi yawansu, har suka sa na'urar Fitbit ta ƙidaya takun da ba a yi ba. A shekarar dai, masu bincike a jami'ar Zhejiang ta ƙasar Sin suka ba Siri da Alexa umarni da sautin da ya fi ƙarfin kunnen ɗan Adam: mutanen da ke ɗakin ba su ji komai ba, wayar kuwa ta ji ta yi biyayya. A 2019 wani binciken ya nuna cewa ana iya karkatar da awon zafin kwalbar renon jarirai bakwaini daga waje, na'urar ta ɗauka akwai sanyi ta ƙara zafi, ko akasin haka.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke ba da wannan dama shi ne yadda tafinta ke ɗaukar awo lokaci-lokaci. Wanda ya taɓa ganin tayar mota a bidiyo tana gudu amma kamar baya take juyawa ya ga misalin. Kyamara tana ɗaukar hoto ne jefi-jefi, idan tayar ta fi ta sauri sai ido ya ga motsin da babu shi. Ƙa'ida ita ce a ɗauki awo fiye da ninki biyu na saurin abin da ake aunawa. Idan aka cusa wa tafinta wani motsi mai saurin da ya wuce haka, kuma babu matacin da zai tare shi, sai ya fassara shi a matsayin awo na gaske mai tafiya a hankali.

Me ya sa lambar sirri ba ta wadatar?

Mutane da yawa sun ji cewa saƙonnin WhatsApp a kulle suke, kuma kamfanonin da ke sayar da na'urori masu haɗi da intanet suna yawan alfahari da irin wannan kulle. Kullen yana da amfani, amma yana farawa ne bayan tafinta ya gama aikinsa. Ya yi kama da ɗan kasuwar da ya sa wa littafin lissafinsa kwaɗo mai ƙarfi, alhali yaron da ke yi masa awo a bakin ƙofa yana faɗin nauyi da ƙarfi kowa na ji, ko kuma an saka wa sikelin dutse a ƙarƙashi. Lambar ƙarya idan ta shiga, za a kulle ta da kyau, a aika ta da aminci, ta isa ofishi a Maradi ko Yamai da hatiminta, kuma babu wanda zai yi shakkarta.

Duniya ta ga abin da awon ƙarya ke iya jawowa. Manhajar Stuxnet da aka gano a 2010 ta lalata injinan tace uraniyom a Natanz ta ƙasar Iran, yayin da take nuna wa ma'aikata awon da ke cewa komai lafiya. Wannan ta hanyar manhaja aka yi shi, ba ta tafinta ba, amma darasin ɗaya ne: wanda ya mallaki awo ya mallaki hukunci.

Magungunan da injiniyoyi suka samo

Ga matsalar sauraro, hanya ta farko da aka gwada ita ce a sa ƙwayar ta riƙa jan wuta daidai wa daida ko me take yi, kamar mai awon da ke buga ganga da ƙarfi ɗaya don kada a ji duwatsunsa. Wannan yana cin batir da fili a jikin ƙwayar, kuma ba ya toshe iskar maganaɗisun da ke fita.

A 2022 ɗaliban digirin digirgir biyu na MIT suka gabatar da wata hanya a manyan tarukan injiniyoyin lantarki. Maitreyi Ashok da abokan aikinta sun sa wani sashe mai fitar da lambobin ƙuri'a ya riƙa zaɓar lokacin da kowane tulu zai motsa, ta yadda sawun wutar ba zai bi jeri ɗaya ba. Ruicong Chen da nasa abokan sun sa tafinta ya daina farawa daga tsakiya kullum, ya riƙa farawa daga wurin da ƙuri'a ta faɗa. A misalin sikeli, mai awon ya daina bin duwatsu daga babba zuwa ƙarami. Yau ya fara da wannan, gobe da wancan, nauyin da yake samu ɗaya ne, amma na bayan katanga ya rasa abin da zai kama. Burin ayyukan biyu shi ne a sami wannan kariya ba tare da ƙara wa ƙaramar na'ura cin wuta ko tsada mai yawa ba.

Ga matsalar ruɗi, magungunan sun fi sauƙin fahimta. Ana rufe wayoyi da ƙwayar da murfin ƙarfe mai tare iska. Ana gajarta wayar da ke tsakanin ma'auni da tafinta. Ana sa mataci mai hana motsi mai sauri wucewa. Ana sa ma'auni biyu ko uku masu aiki ta hanyoyi daban-daban, idan suka saɓa wa juna na'urar ta yi ƙara. A 2020 Youqian Zhang da Kasper Rasmussen na jami'ar Oxford suka kawo wata dabara: na'urar ta riƙa kunna ma'auninta tana kashewa bisa wani jeri na sirri. Idan ma'auni a kashe yake amma awo yana shigowa, to daga waje yake zuwa.

Yaya girman hatsarin yake a nan?

Bai kamata a tsorata mutane fiye da kima ba. Satar awo ta ƙofar gefe tana bukatar kusanci da na'urar, da kayan aiki masu tsada, da ƙwarewa. Ba a kan sikelin mai wake za a ɓata irin wannan wahala ba. Waɗanda ya kamata su damu da ita su ne masu riƙe da bayanan jama'a masu daraja: bankuna, da hukumomin da ke tattara zanen yatsa, da jami'an tsaro, da manyan asibitoci.

Abin da ya fi kusa da talaka shi ne awon da ya karkace, da gangan ko ba da gangan ba. A tsibirin Malta an gano a 2014 cewa an taɓa mitocin wuta na zamani kimanin 1,000 don su rage ƙidaya, kuma ma'aikatan kamfanin wutar na cikin waɗanda aka gurfanar. Wutar da aka sace ba ta ɓacewa daga lissafi, a kan kamfani da sauran masu biya take komawa. Sannan akwai yanayin wurin. Zafin watannin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da batir mai rauni, da wutar da ke hawa tana sauka a dogon layin da ke kawo ta daga Katsina ta Gazawa, duk suna iya karkatar da na'ura mai arha ba tare da hannun kowa ba. Tafinta yana kwatanta awo ne da wani tsayayyen ƙarfin lantarki da ke cikinsa. Idan wannan ma'auni na ciki ya kauce, duk lambobin da za su biyo baya sun kauce.

Doka da masu sa ido

Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet ta ranar 3 ga Yulin 2019, da dokar kare bayanan mutum ta Disambar 2022 wadda hukumar HAPDP ke sa ido kan aiki da ita. Hukumar ARCEP ce ke amincewa da kayan sadarwa, hukumar ANMC kuma ita ke da alhakin ƙa'idojin inganci da na awo. A waje, Birtaniya ta hana sayar da na'urori masu haɗi da intanet da ke zuwa da lambar sirri mai sauƙin zato tun daga ranar 29 ga Afrilun 2024. Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta ɗora wa masu ƙera irin waɗannan kaya alhakin tsaronsu, wadda ta fara aiki a Disambar 2024, manyan sharuɗɗanta kuma za su hau kan kamfanoni a Disambar 2027.

Wannan ya shafi Madarunfa kai tsaye, domin ba a Nijar ake ƙera waɗannan ƙwayoyi ba. Kayan suna shigowa ne daga Sin da Dubai da kasuwannin Kano da Katsina, ta Ɗan Isa da sauran hanyoyi. Idan manyan kasuwanni suka tsaurara sharuɗɗa, kayan da suka kasa cika su sukan nemi inda ba a tambaya. Saboda haka ƙarfin tambaya yana hannun manyan masu saye: ma'aikatun gwamnati, da kamfanonin wuta da ruwa, da ƙungiyoyin agaji, da ƙungiyoyin manoma. Su ne za su iya rubuta wa mai kawo kaya sharaɗin takardar gwajin juriya ga iskar lantarki, da hatimi mai nuna an buɗe, da alƙawarin gyaran manhaja na wasu shekaru. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da makarantun koyon sana'a na jihar su ne wuraren da za a horar da matasan da za su iya gwada kayan a gida.

Abin da mai amfani zai iya yi

Mai mita ya riƙa duba hatiminta, kada ya bar kowa ya buɗe ta in ba ma'aikacin kamfani mai shaida ba, kuma ya riƙa rubuta abin da yake kashewa kowane wata don ya gane idan lissafi ya sauya ba dalili. Mai saye ko sayarwa da sikelin lantarki ya ajiye wani abu da ya tabbatar da nauyinsa. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, ban da nauyin gorar. A gwada sikeli da safe da kuma tsakar rana, a kuma kawar da salula daga jikinsa lokacin awo.

Ma'aikacin lafiya ya ci gaba da rubuta zafin firiji da hannu safe da yamma kamar yadda ƙa'ida ta tanada, ya kwatanta shi da na na'ura, ya kuma duba tambarin da ke jikin kwalbar allura mai sauya launi idan zafi ya taɓa ta. Manomin da ke ban ruwa ta waya ya sa akwatin na'urar a wurin da ke kulle, ya canza lambar sirrin da ta zo da ita, kuma ya riƙa zuwa gona yana tona ƙasa da hannunsa. Idan waya ta ce ƙasa a jiƙe take, ganyen zogale kuma ya yi laushi, maganar ganye za a bi, sannan a kira mai gyara ya duba ma'aunin.

Ƙungiyar manoma ko kwamitin kula da ruwan ƙauye da ke shirin sayen na'ura mai aika awo daga nesa yana da tambayoyi uku da zai yi wa mai sayarwa kafin a biya ko jika ɗaya: wa ya gwada ingancin awonta kuma ina takardar, ta yaya za a gane idan an taɓa ta, kuma wa zai zo ya daidaita ta bayan shekara guda.